Ya Mai Jiki? To, Mai Jinya Fa?

Daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, duk wanda ya je dubiya asibiti gaisuwarsa ɗaya ce: "Ya mai jiki?" Matar da ta kwana bakwai kan tabarma a gindin gado kuwa, sai a jefa mata "Allah ya ba da lada," a wuce. Wallahi abin nan ya ishe ni.

Ina da ƙanwa mai ɗa mai sikila. Shekara 11 rabonta da barci mai nauyi. Hunturu na sauka ƙasusuwan yaro su tashi. Ita ce neman jini, ita ce layin magani, tumakinta duk sun tafi kasuwa. Dangin miji kuma na cewa daga gidansu ta kwaso cutar, alhali sikila gado ce daga uwa da uba baki ɗaya. Ranar da kuka ya ƙwace mata, wata ma'aikaciya ta ce, "Ke ba ki da tawakkali ne?" Subhanallahi! Yaushe hawaye ya zama rashin imani?

Yanzu an kwaɗaita mata dashen ɓargo. Gaskiya ne yana warkarwa: a 2011 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara yin sa a Najeriya, na Legas ya bi sahu a 2024, masu hali kuma na zuwa Indiya. Sai dai wa ya gaya mata abin da ke jiran ta? Za a kashe tsohon ɓargon yaro da magani mai ƙarfi, a killace shi makonni, ƙaramin zazzaɓi na iya halaka shi. Mai bayarwa yawanci ɗan'uwansa ne ciki ɗaya. Uwa ta miƙa 'ya'ya biyu ga likitoci, a garin da ba ta jin yarensu, miliyoyin bashi na kanta, sa'annan a ce ta yi shiru?

Ana kiyasin jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan. Bayan kowannensu akwai uwa da damuwa ke ci a ɓoye. An sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, amma har yau da an ambaci likitan damuwa sai mutane su ce "Kware," wato asibitin masu taɓin hankali, su kama baki.

Gwamnatin Kebbi, ki ajiye ma'aikaci horarre mai sauraron masu jinya a manyan asibitocin Jega, Aliero da Maiyama. Malamai, ku faɗa a kan mumbari cewa gajiya ba saɓo ba ce. Kai kuma maigida, kwanan asibiti bai haramta gare ka ba. Karɓe ta ko dare ɗaya ta runtsa.

In ka je dubiya gobe, ka zauna, ka dubi mai jinya ka ce, "Ke fa, ya kike?" Ka kuma tsaya ka ji amsa. Ranar da ta faɗi, marasa lafiya biyu za ka tarar a gidan.