A Bar Dattijo da Ragamarsa

Akwai wani raini da ya zama ruwan dare tsakanin samarin da ke hawan doki a ƙasar Wudil, kuma lokaci ya yi da za a tanka masa. Idan dattijo ya taso daga Dagumawa a kan dokinsa ran Juma'a zai ci kasuwar Wudil, babu ƙarfe a bakin dokin, sai ragamar igiya da ta zagaye hanci da ƙeya, abin da ke fitowa daga bakin matasan mahaya bai wuce biyu ba. Ko dai su ce rashi ne ya hana shi sayen linzami, ko kuwa su ce tsufa ya raba shi da hawa, tafiya kawai ta rage masa. Duka biyun zance ne na wanda bai taɓa buɗe bakin dokinsa ya duba ba. Dattijon nan ya fi su iya hawa, dokinsa ya fi nasu lafiya, kuma mafi yawan abin da suke kira bajinta azaba ce ake gana wa dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Kafin mai karatu ya ce na yi zafi, ya ɗauki linzamin da maƙeranmu ke ƙerawa ya jujjuya shi a hannu. Zai ga sandar ƙarfe da ke gittawa cikin baki, a tsakiyarta wani harshe ya miƙe sama, a jikin harshen kuma an rataya kawanya wadda muƙamuƙin ƙasa ke shiga cikinta. A bakin doki akwai wani gurbi tsakanin haƙoran gaba da turame inda babu haƙori ko ɗaya, dasashi ne siriri shimfiɗe a kan ƙashi, kuma nan ne ƙarfen yake zama. Da mahayi ya ja kamazuru, harshen ƙarfen zai tashi ya soki rufin baki, sandar ta danne harshe da dasashi, kawanyar ta matse haɓa daga ƙasa. Aikin awartaki ke nan, sai dai abin da aka kama nama ne mai rai. Tsawon hannuwan linzamin kuma yana ninka ƙarfin mai ja, ta yadda yaro ɗan shekara goma zai iya yi wa ingarma raunin da ƙato ba zai iya yi masa da hannu ba.

Mun saba da ganin sakamakon har mun daina ganinsa, sabo kuwa turken wawa ne. Doki ya wage baki, yana wurgi da kai, kumfar bakinsa ta koma ja, ya miƙe a kan ƙafafun baya, 'yan kallo su ɗauki sowa, mata su rangaɗa guɗa, a ce doki yana rawa. Akwai dokin da aka hore da haƙuri har ya iya taka rawa da kiɗa, ban musa ba. Amma wanda jini ke ɗiga daga bakinsa neman mafita yake yi. A ƙasar Finlan, likitocin dabbobi sun duba bakin dawakin tsere 261 bayan an tashi daga fage, suka wallafa a 2019 cewa kashi 84 cikin ɗari suna da sabon rauni a inda linzami ke zama. Linzamansu kuwa ba su da harshe da kawanya irin namu. Farfesa Robert Cook na Jami'ar Tufts a Amurka ya binciki ƙoƙunan kan dawaki da ke ajiye a gidajen tarihi, ya tarar da ƙashi ya yi tsiro a daidai gurbin nan saboda dukan ƙarfe. Gaskiya ne shi ma ya ƙirƙiri nasa samfurin ragama ya riƙa sayarwa, don haka mai hankali zai auna maganarsa da wannan. Sai dai ƙashin da ya yi tsiro ba shi da hannun jari a kasuwar kowa.

Ban zo in zagi kakanninmu ba, domin su suna da dalili. Linzamin nan kayan yaƙi ne, ɗan'uwan sulke da kwalkwali da lifidi, waɗanda tarihin Kano ya danganta shigowarsu da zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Barden da ke riƙe da mashi a hannun dama, garkuwa da kamazuru a hagu, kibau na zubo masa, yana bukatar dokinsa ya tsaya cak ko ya juya cikin ƙiftawar ido, in ba haka ba ya bar gawarsa a fage. A irin wannan hali, ciwon bakin doki ƙaramin abu ne. To amma yaushe rabon dawakin Kano da fagen fama? A watan Fabrairu na 1903 ne suka yi karo da bindigogin Turawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Tun daga nan mashi ya koma ado, lifidi ya koma kwalliyar ranar Salla, takobi ba ya barin kube sai don jinjina. Duk kayan yaƙin nan sun ajiye aikinsu na cutarwa, in ban da linzami. Shi kaɗai ne har yau yake zub da jini, kuma jinin dokinmu yake zubarwa.

Idan aka kawo wannan magana, garkuwar farko da ake ɗagawa ita ce al'ada: wai hawa ba linzami tunanin Turawa ne, na masu shafa kan kare. Wannan jahiltar tarihi ne. Mahayan Numidiya, a inda Aljeriya take a yau, su ne dawakin da Hanibal ya dogara da su sa'ad da ya ragargaza rundunar Rum a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma marubutan Rum da kansu sun bayyana su da cewa ba sa sa wa dawakinsu linzami. Har gobe a birnin Rum, a jikin ginshiƙin Sarki Tarajan, akwai siffar mahayan Arewacin Afirka da igiya kawai a wuyan doki. Makiyayan shanu na yammacin Amurka suna horar da duƙushi da wata ragama da sunanta ya samo asali daga kalmar Larabci, shakima, ta bi ta Andalus ta tsallaka teku. Wato abin da ake cewa baƙo ne, daga wannan ɓangaren duniya ya tafi can.

Ba ma sai mun je nesa ba, harshenmu ya ishe mu shaida. Bahaushe idan zai yi maganar shugabanci, cewa yake yi wane ya karɓi ragamar mulki, ko wane ne ke jan ragamar al'umma. Linzami kuwa sai ga wanda ya gagara ake cewa a sa masa, kuma da aka rasa sunan da za a ba wa makamin da ke tashi daga wata ƙasa ya rushe gari a wata, sai aka ce makami mai linzami. Mutanen da suka ware wa shugaba ragama suka bar wa kangararre linzami sun san bambancin jagora da tilas.

Me ya sa sai dattawa ne suka fi komawa ga ragama? Masu raini suna cewa ai wanda ƙarfinsa ya ragu shi ya fi bukatar ƙarfe. A sama maganar tana kama da hankali, amma ta ginu ne a kan zaton cewa ƙarfin hannu ke tsayar da doki. Dabbar da nauyinta ya haura kilo 300, babu damtsen da zai tsayar da ita idan ta ƙi. Horo ne ke tsayar da ita, da sabo da muryar mai ita, da yadda yake gyara zama a kan sirdi. Dattijon da ya shekara arba'in yana ba doki dusa da harawa da hannunsa, yana kai shi kogi, yana cire masa kaska, ya tara abin da saurayi mai hawan aro ba shi da shi. Ya san ciwo yana firgita doki, firgitaccen doki kuwa shi ke miƙewa tsaye ya faɗo da baya. Saurayi zai faɗi ya tashi ya karkaɗe riga. Mai shekara saba'in idan ƙugunsa ya karye, sau da yawa kwanciyar ke nan. Ya kuma san hannunsa ya fara rawa, idan ya yi tangaɗi zai kama kamazuru ya dogara da shi ba da niyya ba. Da linzami, wannan fizgar wuƙa ce a bakin doki, da ragama kuwa ɗan matsi ne a hanci. Lissafi ne na mutumin da ya san kansa ya san dabbarsa. Ga shi kuma doki yana iya kiwo ya sha ruwa a hanya ba tare da an kwance masa komai ba.

Akwai hujja ɗaya mai nauyi a hannun abokan gardamata, kuma ba zan kauce mata ba. Ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, ingarmu ɗaruruwa suna gogayya da juna, 'yan bindiga suna ta harbi, tambura da algaita na tashi, yara sun cika gefen hanya, mahaya kuma za su zo a sukwane su yi jafi su tsaya a gaban Sarki. Wanda ya ce a cire wa dukkan dawakin nan linzami gobe da safe, neman ran mutane yake yi. Haka kuma ragama ba tsarkakakkiya ba ce: idan aka yi ta da igiyar leda mai kaifi, ko aka sauke ta ƙasa kan guringuntsin hanci, za ta yanka fata ta kuma toshe numfashi, doki kuwa ta hanci kaɗai yake shaƙar iska. Mugun hannu ko zare aka ba shi zai yi ɓarna. Amma hawan Salla kwanaki ne ƙididdigaggu a shekara. Sauran kwana ɗari uku da ɗoriya fa? Wane taron ne a hanyar gona, ko a kan turbar Dagumawa zuwa bakin kogi, da zai wajabta awartaki a bakin doki?

Inda abin ya fi muni shi ne wajen kilisa da hawan angwanci. A ɗauko dokin haya a miƙa wa yaron da bai san ko sunan majanyi ba, ya hau da kaimi a dunduniya, ya soka daga baya ya fizga daga gaba a lokaci guda don a ɗauke shi hoto a waya. Kafin magariba dokin nan ya wuce ta hannun mutum biyar. Da dare a zuba masa dawa ya kasa taunawa, mai shi ya ce ƙyuya ce ko sammu. Hukumomi a Kano sun sha hana kilisa a titunan birni saboda mutanen da ake bankewa, amma bakin dokin bai taɓa shiga cikin sanarwar ba. Alhali kuwa ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska. In fatar fuska ta sami wannan kariya, ina ga cikin baki?

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin alfahari ne, amma yana nufin idanun da ke kallonmu sun ƙaru, kuma kyamara ba ta san kara ba. Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba, masarauta ma tana da masu aikin tun asali. Shamaki da murai su riƙa buɗe bakin kowane doki kafin hawa da bayansa, wanda aka samu da rauni a mayar da shi barga. Hakimai da dagatai su sa sharaɗin cewa dokin haya ba ya fita kilisa da linzami mai harshe. Maƙera su rage tsawon harshen su goge kaifin, dukawa kuma su ɗinka ragama mai faɗi da laushi, a yi mata adon da ake yi wa ɗan goshi, don saurayin da ke gudun a ce ya hau da igiya ya sami abin nunawa. Duƙushi kuwa a fara horar da shi da ragama har sai ya san tsayawa da murya kafin ƙarfe ya kusanci bakinsa. Masu koyar da wannan suna nan a Dagumawa da Utai da Indabo da Darki, ana wuce su a hanyar kasuwa kowace Juma'a ana yi musu dariya.