Daga Motar Kara Zuwa Littafin Yara

'Yan uwa malamai, kafin ɗayanmu ya riƙe alli, ya riƙe karan dawa ya ƙera mota, ko ya kwaɓa laka ya gina shanu. Mun kwana a gaban kakanninmu muna sauraron dabarun Gizo da haƙurin Ƙoƙi, gari ya waye mu ƙara wa labarin gishiri a dandali. Ina wannan baiwa ta tafi? Mun binne ta ne a ƙarƙashin rajista da tsarin darasi da jiran albashi.

Tarihinmu kuwa ya nuna cewa alli da alƙalami 'yan ɗaki ɗaya ne. A 1933, da Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, malaman makaranta ne suka fi haskakawa. Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Midil ta Bauchi, ya rubuta Shaihu Umar. Abubakar Imam, yana koyarwa a Midil ta Katsina da shekara 22 kacal a duniya, ya fito da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi daga aji zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, domin karatun ɗalibai. Labarai da dama ya aro su daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma ya yi musu riga da wando irin namu, domin ya san kunnen yaron da zai karanta. Aji ne ya ba shi wannan sani.

Yau fa? A shiga yawancin makarantunmu na firamare, da wuya a tarar da littafin labari na Hausa da ya dace da ɗan aji biyu. Rubutun Hausa ya bunƙasa, amma kusan duk domin manya ake yin sa. Yaro kuwa, in bai sami abin da zai karanta don jin daɗi ba, haruffa kaɗai zai haddace, ba zai ƙaunaci karatu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Za a ce da wane lokaci, ga ɗalibai sun cika aji maƙil, ga alawus ya maƙale? Gaskiya ne, kuma ba za mu daina neman haƙƙinmu ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne muka san kalmar da ke sa yara dariya, da jimlar da ke yi musu tsawo, da lokacin da hankalinsu ke tashi daga kan allo. Marubucin da ke nesa da aji sai dai ya yi kirdado.

Saboda haka muna kira ga reshenmu da ya kafa zauren marubuta. Kowace makaranta ta kawo labari guda a kowane zango, a gwada shi a gaban ɗalibai, a gyara, a tattara a buga. Shugabanninmu kuma su nemi hukumomin ilimi su riƙa lissafa irin wannan aiki wajen ƙarin girma.

Kafin nan, idan muka kama yaro yana zane a bayan littafinsa, ko yana shirya wa abokansa labari, mu ajiye bulala mu miƙa masa takarda. Wataƙila shi ne zai rubuta abin da jikokinmu za su karanta.