Manhajar ofis ta bi aiki, ba muƙami ba

Idan gwamnati ta sayi mota, ana ba ta lamba, a rubuta ma'aikatar da ta karɓe ta, a san direban da ke riƙe da makulli. Manhajar kwamfuta, wadda ƴan biro ke kira lojisiyel, ita ma da kuɗin talakawa ake sayen ta, amma ba a ɗauke ta dukiyar ƙasa ba. A ofisoshi da dama girman kujera ake dubawa wajen rabon ta. Darekta na da sabuwar na'ura cike da manhajoji masu lasisi waɗanda bai taɓa buɗewa ba, akawun da ke lissafin albashi kuwa yana fama da kwafin sata da wani yaro ya zuba masa daga kile USB.

Alhali maganin ba sabo ba ne. Tun fitowar Windows 2000, kamfanin Microsoft ya kawo tsarin Active Directory, wanda ke ba mai kula da kwamfutocin ma'aikata damar raba manhaja daga wuri guda. Yana iya ɗaura ta ga na'ura, ta yadda da an kunna za ta shiga da kanta, ko wa ya zauna a gabanta. Wannan ya dace da gishe, inda ma'aikata ke karɓa-karɓa. Yana iya ɗaura ta ga mutum, ta bi sunansa zuwa duk na'urar ma'aikatar da ya shiga. Ana kasa mutane rukuni-rukuni: akawu, sakatarori, masu karɓar haraji. Ran da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Damagaram, sai a cire sunansa daga rukunin, lasisin ya koma ga magajinsa.

Ƴan kasuwa kada su ce wannan zancen ma'aikata ne. Kayan da suke shigowa da su ta hanyar SYDONIA ake bayyana su a duwan, kuma darajar irin wannan tsari ita ce kowa ya shiga da sunansa, ya bar sawu. A duk ofishin da mutum huɗu ke amfani da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ran da aka sauya adadi a takarda, wa za a tambaya? Kowa zai rantse, kuma kowa zai kuɓuta. Muna zargin cewa wasu ba don jahilci suke ƙin gyaran ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma batun tsaro. A watan Mayu na 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ta fitar da gyaran tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci ba su zuba shi ba. Wanda bai san abin da ke cikin na'urorinsa ba, me zai gyara?

Za a ce lasisi na da tsada. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba za a ɓarnatar da shi a kan teburin da ba a aiki ba. Jandarmomin Faransa, waɗanda suka fi mu kuɗi nesa, sun koma ga manhajar kyauta ta OpenOffice a 2005, suka fara komawa ga Ubuntu a 2008. Mai buga wasiƙa LibreOffice ya ishe shi, ba a biyan ko dala.

Abin da muke nema shi ne rajista a kowace ma'aikata: wace manhaja, nawa aka saye ta, sunan wa take, a wace na'ura, yaushe lasisinta zai ƙare. A sa ta cikin takardun miƙa aiki, tare da makullan ofis da lissafin kujeru, kuma sufetocin gwamnati su nemi ganin ta duk lokacin da suka zo bincike.