Gyaran Manhajar Sauti Daga Tushenta Farali Kifaya Ne

Duk wanda ya ratsa kasuwar Jega, ko ya zauna bakin tasha a Maiyama, ya san rumfunan samarin nan masu kwamfuta da lasifika, waɗanda mutanen Jiga Birni da maƙwabtansu ke miƙa wa katin memori domin a zuba musu karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙi. Amma abin da ke sosa mini rai shi ne, ranar da manhajar da ke kunna sauti ta ƙi tashi, galibi magani ɗaya ake sani, wato a share kwamfutar baki ɗaya a sake zuba mata komai, ko da kuwa a cikinta akwai wa'azin wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, wanda aka kwaso daga tsohon kaset da wahala. Wannan ɓarna ce, alhali kuwa illar sau da yawa ƙarama ce ga wanda ya san sababinta.

Kowace manhaja tana da tushe, wato rubutun da ɗan Adam ya tsara da hannunsa cikin harshen na'ura irin su C, wanda mai ilminsa zai iya karantawa jumla bayan jumla, kafin wata manhaja mai tarjama ta mayar da shi lambobin da kwamfuta kaɗai ke fahimta. Manhajar sauti kuma ba ta tsayuwa da ƙafarta, tana jingina ne ga wasu kundayen taimako, kamar FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, kundin da ke warware ƙullin sautin da ke cikin fayil. To, idan aka sabunta kundin aka bar manhajar a yadda take, sai ta neme shi da tsohuwar lambarsa, ta rasa, ta mutu nan take. Mai gyara sai ya ɗauko tushen, ya buɗe baƙin allon nan na umarni, ya sa a bincika abin da kwamfutar ke da shi da wanda ta rasa. Rubutu na ta gudu, can sai ya tsaya cik a kan sunan wani fayil da babu, ya nemo shi, ya sake, har tarjamar ta kai ƙarshe, manhajar ta fito daidai da kundin da ke nan yanzu. Wani lokaci ko harafi ɗaya bai canja ba. Wani lokaci kuwa sai ya gyara layi kaɗan, kuma a nan ne ake gane wanda ya yi tahaƙiƙi da wanda ya yi hadda kawai.

Sai dai wannan gyara ba ya yiwuwa sai mai tushen ya yi izini. Wajen shekarar 1980, a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, Richard Stallman ya nemi tushen manhajar wata na'urar buga takarda ta Xerox domin ya gyara, aka hana shi. Wannan hani na daga cikin abin da ya kai shi ga kafa shirin GNU a 1983, da fitar da lasisin GPL a 1989, wanda ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba, bisa sharaɗin kada ya hana na bayansa abin da aka ba shi. VLC, mai alamar mazurarin nan ruwan lemo da kusan kowace rumfa ke amfani da ita, ɗalibai ne suka fara ta a makarantar injiniyoyi ta École Centrale da ke Faransa a 1996, aka sake ta ƙarƙashin wannan lasisi a 2001. Ɗalibai, ina ƙara faɗi, ba wani babban kamfani ba.

Za a ce mini data na da tsada, wuta ba ta zama, kuma manomin albasa ba ya da lokacin wannan wahala. Hujja ce, kuma na karɓa. Shi ya sa ban ce wajibi ne a kan kowa ba, na ce farali kifaya ne, wanda in wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya bari to laifin na jama'a ne duka. Aliero ta yi suna da ɗori, har ana kawo masu karaya daga nesa, kuma ba kowane gida ne ke da maɗori ba, amma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Irin wannan ƙofa muke bukata ga na'urorinmu.

Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 ita ce ta fi cancanta da wannan amana. Ina roƙon malamanta na sashen kwamfuta da kada su sallami ɗalibi sai ya ɗauki manhaja matacciya ya tashe ta daga tushe a gabansu, kuma su ajiye tushen manhajojin da jama'a ke bukata a kan kwamfuta ɗaya cikin makaranta, yadda yaron rumfa daga Jega ko Jiga Birni zai zo da filas ɗinsa ya kwasa ba tare da ya sayi data ba, a kuma ware masa 'yan kwanaki a lokacin hutu a zaunar da shi gaban baƙin allon, a koya masa karanta saƙon kuskure kafin hannunsa ya kai ga sharewa.