Kama Da Wane Ba Ta Wane

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Gaskiya ne, amma akwai wata wahala da magaji ke sha wadda ba a cika faɗinta ba, watau mutane su dube shi su riƙa ganin wani. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne a hotunan da ake ɗaukar 'ya'yan shahararrun mawaƙa suna cikin wasa. Zan ba da misali da mawaƙan buluz. Ra'ayina kuwa shi ne, hakkin mai hoto ne ya ɗauki wanda ke tsaye a gabansa, ya bar wanda ke kwance a kabari ya huta.

Buluz kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Waƙoƙinsa na kukan zuci ne, kamar talauci da wahalar gonar auduga da rabuwa da masoyi. Cikin manyan sarakunansa akwai McKinley Morganfield, wanda duniya ta sani da Muddy Waters. Ya bar jihar Misisipi ya koma Shikago a 1943, ya shiga kaɗa jita mai aiki da lantarki, ya rasu a 1983. Cikin 'ya'yansa da suka bi sawunsa akwai Mud Morganfield da Big Bill Morganfield.

Ɗaukar hoton mawaƙi a kan dandamali ba ƙaramin aiki ba ne. Gidajen wasan buluz ba su da haske sosai, mawaƙin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A manyan wasanni galibi waƙoƙi uku na farko kaɗai ake ba masu hoto, kuma a hana su kunna walƙiyar kyamara don kada su kashe wa mawaƙi ido. Saboda haka mai hoto yakan yi ta ɗauka barkatai, in ya koma gida ya zauna ya zaɓi ɗaya ko biyu da za a buga. To, a wurin zaɓen nan ne maganar take. Kyamara ba ta san uban kowa ba, mai riƙe da ita shi ya sani.

Dubi Mud Morganfield, wanda aka haifa a 1954. Ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota kafin ya riƙi waƙa sana'a. Muryarsa da fuskarsa sun ɗauko na mahaifinsa ƙwarai. Mai hoton da ya haddace tsofaffin hotunan Muddy Waters zai yi ta dakon lokacin da ɗan zai lumshe ido ko ya karkata kai kamar uban, ya ɗauke shi nan take, a rubuta a ƙasa cewa ga ɗan wane. Hoton zai sami kasuwa. Amma ina direban da ya sha hanya? Ina dattijon da ya hau dandamali da furfurarsa, alhali ya san da wa za a gwada shi? An bar su cikin hotunan da aka zubar. Ɗan'uwansa Big Bill kuwa a Fulorida ya tashi wurin kakarsa, ya yi karatun jami'a har ya koyar, bai dukufa kan jita ba sai bayan rasuwar uban. Ashe abin da ake gani kamar gado, da guminsa ya same shi.

Ga kuma Shemekia Copeland, 'yar Johnny Copeland makaɗin jita. Tun tana budurwa take buɗe masa wasa, lokacin da ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a 1997, ita kuma ta fitar da faifanta na farko a 1998. Ita da murya ta shahara. A 2011, a bikin buluz na Shikago, aka ɗora mata kambin marigayiya Koko Taylor, aka kira ta sarauniyar buluz. Wanda ya je wasanta yana neman Johnny zai dawo hannu rabbana, wanda ya je dominta kuwa zai cika jakarsa. A nan Afirka ta Yamma ma akwai Vieux Farka Touré na Mali, ɗan Ali Farka Touré wanda ya rasu a 2006. Uban soja ya so ɗan ya zama, sai daga baya ya sa masa albarka. Duk hoton da ya nuna Vieux kamar wanda aka miƙa wa jita a cikin zanin goyo bai faɗi gaskiyar labarinsa ba.

Na san wani zai ce ai kamannin nan su jama'a ke biyan kuɗi su gani, kuma su magadan ba sa gudun sunan iyayensu. Haka ne. Shi kansa Mud ya yi faifai sukutum na waƙoƙin mahaifinsa a 2014 don girmama shi. Ban ce a ɓoye kama ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da na ƙi shi ne ya zama kullum hoton nan guda ake bugawa. Uban ya riga ya sami nasa hotunan, ba ya bukatar ƙari. Ɗan shi ke neman abincinsa da sunansa a yau, kuma abin da aka ɗauka yanzu shi za a nuna wa jikokinsa.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu 'ya'yan malamai ne ko alƙalai ko 'yan kasuwa, mun kuwa san nauyin a ce da mutum, “Babanka ba haka yake ba.” Iyayenmu kuma, muna roƙonku da ladabi: in kun zo ranar ba da kyaututtuka kun ɗaga waya za ku ɗauke mu, ku dubi yaron da ke gabanku da irin baiwar da aka yi masa. Muna alfahari da kama da ku, amma kama da wane ba ta wane.