Fegin Da Ake Cewa Babu Komai a Cikinsa

Duk wanda ya ratsa jihar Nebada ta Amurka a mota zai shafe sa'o'i yana wuce kwaruruka masu farar ƙasa, waɗanda wasu gajerun tsirrai masu launin toka suka warwatsu a cikinsu, kowanne nesa da ɗan'uwansa. Idon baƙo ba ya ganin daji a nan, fili kawai yake gani. A wannan kuskure na ido aka gina shawarwari da dama da suka ci wa Amurka kuɗi da lafiyar jama'a, kuma a ganina ana shirin maimaita shi da sunan ci gaba.

Yankin, wanda ya haɗa mafi yawan Nebada da yammacin Yuta da wani ɓangare na Kalifoniya, ana kiransa Babban Kwari ne saboda ruwansa ba ya kaiwa teku. Abin da ya gangaro daga duwatsu a kwari yake tsayawa, rana ta shanye shi, gishiri da kanwa su rage a ƙasa shekara bayan shekara. Mutumin ƙasar Manga da ya san tafkunan da ake haƙo kanwa ba ya bukatar dogon bayani, domin kwarin Tafkin Chadi ma haka yake, ba shi da mafita. Ruwan sama a waɗannan kwaruruka na Amurka ba kasafai yake kai milimita 250 a shekara ba, ga zafin rani, ga sanyi mai daskarar da ruwa.

Tsirran da suka mamaye wurin su ne dangin da masana ke kira Atriplex, waɗanda zan kira shukar gishiri. Yawancin tsirrai gishiri yana kashe su ne ta hanyar hana saiwa jan ruwa. Ita shukar gishiri shan sa take yi, sannan ta tura shi cikin wasu ƙananan ƙuraje da ke bisa ganyenta. Idan suka cika sai su fashe, su bar farar hoda a kan ganyen, wadda ke mayar da wani kaso na hasken rana. Launin tokar nan da ke sa matafiyi ya ɗauka shukar ta mutu, shi ne alamar tana aiki. Da yawa daga cikinsu kuma suna sarrafa hasken rana ta irin hanyar da gero da dawa ke bi, wadda ke tsimin ruwa. A wuraren da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa, wata shuka mai suna Sarcobatus ce ke tsayawa, saiwarta na nutsawa mitoci da dama. Tsakanin tsirran, inda ake zaton tsandauri ne, akwai ɓawon ƙasa mai rai, haɗin gansakuka da ƙananan halittu, wanda ke ɗaure turɓaya. Kofato ko tayar mota na iya farfasa shi a yini guda, farfaɗowarsa kuwa sai a yi shekaru gommai.

Makiyaya ne suka fara gwada haƙurin wannan daji. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake kora garkunan tumaki su yi hunturu a can, domin ganyen shukar gishiri yana riƙe amfaninsa bayan ciyawa ta bushe. An yi kiwon da ya wuce kima har sai da majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar kiwo ta Taylor a 1934. A shekarar ne kuma aka fara ganin wata baƙuwar shuka daga Asiya, Halogeton, kusa da garin Wells a Nebada. Ta sami ƙasa a buɗe, ta bazu. Ganyenta na ɗauke da guba mai kashe tumaki da yawa a lokaci guda, kuma tana janyo gishiri zuwa saman ƙasa ta yadda 'yan gida ba sa iya sake tsirowa. Bayanta sai ga ciyawar Bromus tectorum, wadda ke cike guraben da ke tsakanin tsirrai ta bushe da wuri. Dajin da a da wuta ba ta samun abin bi a cikinsa ya fara ƙonewa, kuma wasu nau'o'in shukar gishiri ba sa tohowa bayan gobara.

Darasi mafi tsada shi ne na Tafkin Owens. A 1913 birnin Los Anjalas ya karkatar da kogin da ke ciyar da tafkin zuwa famfunansa. Zuwa 1926 tafkin ya ƙafe, ya bar fili mai kanwa na kusan murabba'in kilomita 280, wanda ya zama babbar maɓuɓɓugar ƙura mai shiga huhu a duk Amurka. Hukumar ruwan birnin ta kashe sama da dala biliyan biyu wajen kwantar da ƙurar, kuma ɗaya daga cikin dabarunta ita ce dasa ciyawa mai jure gishiri da yi mata ban-ruwa. Wato da kuɗi ake sayen aikin da tsirran kwari ke yi kyauta. Mu da muke shaƙar hazon hunturu, wanda kaso mai yawa nasa ke tasowa daga busasshen tafki na Bodele a Chadi, mun san abin da ƙasan tafki ke yi idan iska ta same shi tsirara.

Yau masu neman filin daban ne: kamfanonin wutar sola da masu haƙar litiyum, ma'adinin batir, wanda ake tacewa daga ruwan gishirin kwarin Clayton tun shekarun 1960. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Ƙasar a miƙe take, rana ba ta yankewa, mafi yawanta mallakar gwamnatin tarayya ce, kuma gara a share ta da a sare kurmi ko a cinye gonaki. Na yarda da rabin wannan. Inda na saɓa shi ne lissafin da ke sanya sifiri a gurbin abin da aka share. Akwai tsofaffin wuraren haƙar ma'adinai, da gonakin da aka yasar, da filayen da Halogeton ta riga ta cinye. A can ya kamata a fara. Inda kuma dole ne a taɓa dajin mai lafiya, a yanke tsirran daga sama a bar saiwa da ɓawon ƙasa maimakon a tura katafila, kuma a ɗora wa kamfani kuɗin ƙura da na ruwan ƙasa tun a takardar izini.

An taɓa cin irin wannan gardama. A 1989 hukumar ruwan Las Begas ta nemi izinin zuƙo ruwan ƙarƙashin kwaruruka na gabashin Nebada ta bututu mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Makiyaya, da ƙabilun asali irin su Shoshone da Goshute, da masu kare muhalli, waɗanda ba kasafai suke zama inuwa ɗaya ba, suka haɗa kai, suna nuni da cewa idan ruwan ya ja baya tsirrai masu dogon saiwa za su mutu, a sami wani Owens. Bayan shekaru talatin ana shari'a, hukumar ta janye shirin a 2020.