Siminti, zafi da hayaƙi: Me zai hana a sake duba ginin ƙasa?

Idan ana maganar sauyin yanayi, hankali yakan tafi ga hayaƙin motoci da man fetur. Ba kasafai ake tuna gidan da muke kwana a ciki ba. Amma rahotannin hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa gine-gine da aikin gina su ne ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na iskar kabon da ake fitarwa daga makamashi da masana'antu. Siminti shi kaɗai yana da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon ɗin duniya.

Matsalar siminti tun daga tukunyar dafa shi take. Ana gasa dutsen farar ƙasa da zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a samu ƙwayar da ake niƙawa, wadda ake kira kilinka. Fiye da rabin hayaƙin daga jikin dutsen kansa yake fitowa yayin da yake gasuwa. Ke nan ko da masana'antar Obajana ko ta Kalambaina ko ta Ashaka ta daina ƙona gawayi da gas gaba ɗaya, wannan kason yana nan. Shi ya sa masana suka karkata ga rage kilinka a cikin buhu, a cike gurbinsa da gasasshiyar laka da garin farar ƙasa. Wannan haɗi, mai suna LC3, yana iya rage hayaƙin da kusan kashi 40 cikin 100, kuma laka ba abin da za a shigo da shi daga waje ba ne.

Najeriya ta yi alƙawari a taron Gilasgo na 2021 cewa za ta kai matakin daidaita hayaƙinta nan da 2060. Tun 2017 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine. Sai dai izinin gini a hannun jihohi yake, kuma duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ya san abin da ake yi: bulo mai rami, kwano a sama, tagogin gilashi suna kallon rana. Gidan ya zama tanda a watan Afrilu, sai a sayo na'urar sanyaya ɗaki, a tayar da janareto. An fitar da hayaƙi wajen gini, za a kuma ci gaba da fitarwa shekara hamsin.

Wasu maƙwabtanmu sun nuna wata hanya. Francis Kéré na Burkina Faso, ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya yi suna ne da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando, wadda aka gina da tubalin ƙasa, aka ɗaga rufin kwanon sama don iska ta riƙa ratsawa. A Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Kaurin bangon ƙasa yana shanye zafin rana, ya sake shi da dare. Maginan da suka yi tsohon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 sun san wannan.

Ba a ce ginin ƙasa ba shi da rauni ba. Kowace damina ana jin labarin gidaje sun rufta a Jigawa da Yobe, ana rasa rayuka. Amma galibi gidaje ne marasa tushe mai ƙarfi, da aka gina a hanyar ruwa, aka bar su ba yaɓe. Tubalin da aka matse, aka zuba masa ɗan siminti kaɗan, aka ɗora shi kan tushen dutse ko kankare da rufi mai baki, wani abu ne daban.

Babban cikas a ganina shi ne ido. Wanda ya samu kuɗi yana jin kunya a ce gidansa na ƙasa ne, banki ba ya son karɓar sa jingina, birkiloli kuma bulo kawai suka koya. Tsada ce ma ta fi wa'azin muhalli tasiri: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnati ta kira masu masana'antu zama. A daidai lokacin kuma gwamnatin tana dagewa kan shimfiɗa titunan kankare, irin na Legas zuwa Kalaba, abin da zai ƙara buƙatar simintin.

Gwamnatocin jihohi ne manyan masu ba da kwangilar ajujuwa da asibitocin karkara. Da jiha ɗaya za ta sanya a cikin sharuɗɗan kwangila cewa a yi wani kaso na ajujuwanta da matsattsen tubali, da an samu masu injin matsa shi da maginan da suka iya shi cikin 'yan shekaru.